Ba Mu da Ƙuri'a a Nijar, Amma Muna da Kaya a Hanya

Lacca da aka gabatar a Kumbotso, a taron manoman rani da 'yan kasuwa na yankin Kura da Bunkure

 

  

Batun da aka ba ni shi ne zaɓen shugaban ƙasa a maƙwabta, da abin da ya shafe mu a cikinsa. Na san akwai mai cewa a ransa: mu da ke fama da tsadar taki da kuɗin man injin ban-ruwa, ina ruwanmu da wanda ya hau kujera a Yamai? Tambaya ce mai kan gado. Ba mu da katin zaɓe a can. Jihar Kano ma a yau ba ta taɓa iyakar Nijar, domin tun da aka cire Jigawa a watan Agustan 1991, Maigatari da Ɓaɓura suka tafi da iyakar. Sai dai motar da ta yi lodi a kasuwar Dawanau ko ta Kwanar Gafan ba ta san an cire Jigawa ba. Inda ta saba zuwa, nan take zuwa.

Maƙwabtanmu na tudu huɗu ne, Binin da Nijar da Cadi da Kamaru. A kan Nijar zan tsaya, don ita ce ke kanmu. Tsakaninmu da ita akwai iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500, wadda ta ratsa jihohi bakwai tun daga Kebbi har Borno.

Dattawan da ke nan sun fi ni sanin cewa kafin a haƙa kanal ko ɗaya, da rini aka san Kura. Karofi cike da baba, mabuga suna ta bugu har tufa ta yi sheƙi, shuni na kama hannu. Wannan baƙin rawani da ake kira ɗan Kura, manyan masu sayensa Buzayen Abzin ne. Ayarin raƙuma ya sauko da gishirin Bilma da kanwa da dabino, ya koma da hatsi da tufa. Agalawa, fataken da Alhasan Ɗantata na Bebeji ya fito daga cikinsu, asalinsu daga can arewa ne. Duk wannan yana tafiya kafin Ingila da Faransa su zauna, tsakanin 1890 da 1908, su ja layi su kafa duwatsu. Har gobe Sarkin Maraɗi sarautar Sarkin Katsina yake riƙe da ita.

Ba don in maimaita muku cewa mu 'yan'uwan juna ne na kawo wannan tarihi ba, kun sha jin haka a bakin 'yan siyasa. Na kawo shi ne don ku ga abin da layin nan ya yi mana. Kasuwa ɗaya ce, amma tana ƙarƙashin gwamnati biyu. Ɗaya muna zaɓenta, muna iya kada ta. Ɗayar kuwa sai dai mu ji labarinta a rediyo, alhali tana riƙe da rabin hanyar da kayanmu ke bi.

In kuna son ku san nauyin mutumin da ke kan waccan kujera, ku tuna yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Faransa a ƙarƙashin Janar de Gaulle ta karkata ga Biyafara. Kodebuwa da Gabon, waɗanda Faransa ta mulka, har amincewa suka yi da Biyafara a matsayin ƙasa. Shugaban Nijar na lokacin, Jori Hamani, duk da kusancinsa da Faransa, ya tsaya tare da gwamnatin Gowon. Da wani ne daban a kujerar, da arewa ta yi yaƙi tana waiwayen bayanta. Shekara guda da gama yaƙin, a 1971, ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai hedikwata a Yamai, wadda tana nan har yau. Zan dawo kanta.

Tarihin zaɓe a Nijar gajere ne, kuma duk tabo ne a jikinsa. Sojoji a ƙarƙashin Saini Kunce sun kifar da Jori a 1974. Sai a 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa na farko mai jam'iyyu da yawa, Mahamman Usman ɗan Damagaram ya ci. Bai cika shekara uku ba Ba'are Mainasara ya hamɓarar da shi a Janairun 1996. Shi ma Ba'are, dogaransa suka harbe shi a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilun 1999. Tanja Mamadu ya ci zaɓe a ƙarshen wannan shekara, ya sake ci a 2004, sannan ya nemi tazarce, sojoji suka cire shi ranar 18 ga Fabrairun 2010. Mahamadu Isufu ya yi wa'adi biyu daga 2011. Tsarinsu na lokacin ya ɗan bambanta da namu: sai ɗan takara ya haura rabin ƙuri'un da aka kaɗa, in ba haka ba a koma zagaye na biyu tsakanin na ɗaya da na biyu. Haka aka yi ranar 21 ga Fabrairun 2021, Muhammad Bazum ya kada Mahamman Usman da kusan kashi 56 cikin ɗari. Ranar 2 ga Afrilu aka rantsar da shi, kuma shi ne karo na farko tun 1960 da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki a ƙasar. A majalisun shayinmu na nan, labarin bai kai wasan ƙwallon Turai tashe ba.

Ranar da muka farga ita ce 26 ga Yulin 2023, da Janar Abdurrahman Tchiani, shugaban dogaran fadar, ya tsare Bazum. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS, wadda Shugaba Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta ƙaƙaba takunkumi, ta ba da wa'adin mako guda, ta ce in ba a mayar da shi ba za a iya amfani da ƙarfin soja. Aka rufe iyaka. Aka yanke wutar lantarkin da Najeriya ke sayar wa Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da suke amfani da ita. Wannan magana ba nesa take da mu ba. Babbar tashar rarraba wuta da ke nan Kumbotso ita ke ba Katsina, daga Katsina kuma layi ya tsallaka zuwa Gazawa, ya haskaka Maraɗi da Damagaram. Turakun ƙarfen nan da kuke wucewa ta ƙarƙashinsu da babur, a watannin nan sun zama makamin siyasa tsakanin ƙasa da ƙasa.

Direbobinmu sun san sauran. Tireloli suka yi layi a Jibiya da Illela da Kwangwalam da Maigatari. Mai siminti ko taliya zai iya jira. Mai albasa da mai kayan gwari ba su da wannan gatan, kayansu suka ruɓe a cikin mota, ga kuɗin mota na jiran a biya. Wanda ya ba da kaya bashi a Maraɗi ya rasa hanyar karɓo kuɗinsa. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, da ke ci ranar Alhamis, ta rame. Kaya ba su daina wucewa baki ɗaya ba, gaskiya ce, sai dai sun koma barauniyar hanya, a kan babura da amalanke, kowane shinge da nasa kuɗin, kuma mai saye na ƙarshe shi ke biya. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da batun yaƙi, sanatocin arewa ne a gaba wajen ƙin. Janar Abdussalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka je Yamai, Malam Muhammadu Sanusi na Biyu ya je, ayarin malamai a ƙarƙashin Shaihu Abdullahi Bala Lau su ma suka je. Sai ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta janye takunkumin, aka buɗe iyakar a watan Maris. Sama da wata bakwai ke nan.

A nan dole in faɗi abin da nake gani. Ƙofar da aka rufe a 2023, mu ma mun rufe ta daga ɓangarenmu, kuma a ganina an yi gaggawa, an hukunta talakan Maraɗi da na Jibiya a kan laifin da ba nasu ba. Amma wannan bai canza asalin lissafin ba. Rigima ce a kan wa ya cancanci zama shugaban Nijar, kuma ta zo har cikin aljihun mai kwandon tumatir a Garun Malam. Wanda bai yarda zaɓen Nijar ya shafe shi ba, to rushewar zaɓen ta shafe shi.

Bayan an buɗe iyakar ma, abubuwa ba su koma yadda suke ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan Afirka ta Yamma damar shiga ƙasar maƙwabci ya yi kwana 90 ba biza, yanzu tsakaninmu da su tana tafiya ne a kan lamuni. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Yamai ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso, har da wake, wanda 'yan Dawanau sun san yawan wanda ke shigo musu daga can. A watan Mayun 2025, ana shirin babbar Salla, ta dakatar da fitar da dabbobi, don rago ya yi sauƙi a kasuwanninsu. Wanda ya je sayen ragon layya a wannan shekara ya ji a jikinsa. Sanarwa ce kawai aka karanta, ba wanda ya nemi shawarar makiyayin Tawa, balle mahaucin Kano.

Bari mu zo kan shinkafa, tunda ita ce ta tara yawancinmu. Ku dubi hannun da buhu guda ke bi a Kura. Manomi ya yanke, ya buge, ya sheƙe, ya kawo shanshera. Mata su jiƙa ta, su zuba a duro su turara, su baza a kan tampol a rana, yaro na zaune da sanda yana korar awaki da kaji. Daga nan sai injin casa, sai na cire tsakuwa, sai mai ɗinkin buhu, sai 'yan dako, sai dillali, sai direba. Gida nawa ke ci a buhu ɗaya? Wannan harka ta bunƙasa ne bayan Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa canjin gwamnati a 2015, kwastan suka hana shigo da ita ta iyakokin tudu a 2016, sannan Shugaba Buhari ya rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A shekarun nan injina suka yawaita a bakin titin Zariya, masu digiri suka koma gona.

Abokiyar gabar wannan buhu kuwa ba ta Apapa kaɗai take shigowa ba. Tsohuwar hanyarta ita ce ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta hau tirela zuwa Malanbil, ta tsallaka gada zuwa Gaya, ta kwana a sito a Ƙonni ko Maraɗi a matsayin kayan wucewa, sannan ta faɗo mana da dare a bayan ƙananan motoci. Gwamnatin Nijar tana karɓar haraji a kan kayan wucewa, saboda haka ko wane shugaba da ya hau sai ya zaɓa: ya kama wa Najeriya 'yan fasa-ƙwauri, ko ya kawar da kai ya cika baitulmali. A Nuwambar 2019 sai da Najeriya da Nijar da Binin suka zauna a Abuja suka amince da sintirin haɗin gwiwa. Tun juyin mulkin 2023 kuma Nijar ta bar iyakarta da Binin a rufe, kayanta suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. Ranar da wani shugaba a Yamai ya buɗe gadar Gaya, ku sa ido a kan farashin shanshera a Kura. Ba shi kaɗai ke juya farashin ba, tabbas. Janye harajin shigo da abinci na kwana 150 da Abuja ta sanar a Yulin 2024 namu ne, ba na kowa ba.

Kuɗi ma haka. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a kan yuro ɗaya, ita kuwa naira an sake ta a Yunin 2023 ta yi ta gangara. Sai ya zama ɗan kasuwar Damagaram da ya canza kuɗinsa a Wapa yana shiga Dawanau da ƙarfin da ɗan gida ba shi da shi. Manomi mai sayarwa ya ji daɗi, magidanci mai awo ya koka. Ɗan ci-rani kuma da ke zuwa yi mana dashe da yanka ya fara lissafin ko nairar da zai koma da ita ta isa wahalar. Shugabannin soja na Nijar da Mali da Burkina Faso sun yi maganar barin sefa su buga kuɗinsu. Masu shekaru sun tuna Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya, da yadda ciniki a bakin iyaka ya birkice.

Akwai kuma abin da ba a cika kawowa ba in ana wannan zance, shi ne ruwa. Kowa a nan ya san bambancin mai gona a bakin ƙofar kanal da mai gona a ƙarshensa. Na farko ya sha ya ƙoshi, na ƙarshe ya kwana a gona da fitila yana jiran abin da ya rage. To mu duka, daga Kadawa zuwa Bunkure, a bakin ƙofa muke. Ruwan da aka tare a Tiga tun 1974, zamanin Audu Baƙo, da wanda aka tare a dam ɗin Challawa a 1992, hanyarsa ta asali ita ce Kogin Haɗeja, ya bi ta fadamun Nguru, ya haɗu da na Jama'are wajen Gashuwa ya zama Kogin Yobe. Can ƙasa, wannan kogi shi ne iyakar Najeriya da Nijar kafin ya faɗa Tafkin Cadi. Manoman Difa da shi suke noman tattasan nan da ake busarwa a kawo kasuwanninmu. Su ne na ƙarshen kanal ɗinmu, ko da ba mu taɓa ganinsu ba. Mutanen Maraɗi ma sun daɗe suna kuka da dam ɗin Jibiya a kan ruwan da ke zuwa gulbinsu. Saboda irin wannan ne ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai.

A Kogin Kwara kuma labarin ya juya, mu ne a ƙasa. Ruwan da ke juya injinan Kainji da Jebba ta Yamai yake biyowa. Nijar ta daɗe tana son gina dam a Kandaji, arewa da Yamai. Tanja ya aza harsashi a 2008, aikin ya yi ta tsayawa yana tashi, ya sake tsayawa bayan juyin mulkin 2023. Fahimtar da aka daɗe a kanta ita ce Najeriya ta ba su wuta don kada su matsa wa kogin. Mun yanke wutar sau ɗaya. Duk shugaban da zai zo a Yamai, farar hula ko soja, ba zai manta ba. Mai masana'anta a Challawa ko Sharaɗa da ke kukan wuta yana da dalilin sanin ra'ayin kowane ɗan takarar Nijar a kan Kandaji.

Ga kuma abin da ke bayan gidanmu. Tashar sauke kaya ta tudu da Buhari ya buɗe a Zawaciki a Janairun 2023, cikin lissafin da aka gina ta a kai har da kayan Nijar da Cadi. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 a kan kusan dala biliyan biyu, amfaninsa ya dogara ne a kan Nijar ta yarda ta riƙa ɗauko kayanta ta Legas maimakon Kwatano ko Lome. Kuɗinmu ne a ciki, amma mai cewa to ko a'a yana Yamai. Tsaro ba zan daɗe a kansa ba, don ba fannina ba ne. Ya isa in ce dajin da ɓarayi ke yawo a cikinsa tsakanin Zamfara da Katsina da Maraɗi ɗaya ne, dubban mutanenmu sun yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi tun 2019, kuma a Maris ɗin 2025 Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Cadi.

Yanzu wani zai ce: Malam, duk abin da ka lissafo, shugaba ne ke yi, ko da zaɓe ya zo ko da bindiga. To mene ne na zaɓen? Ga amsata, kuma ita ce abin da ya kawo ni. Jihohin da suka fi yawan jama'a a Nijar su ne Damagaram da Maraɗi da Tawa, waɗanda suke jingine da mu. Ba wanda zai haura rabin ƙuri'u bai bi ta kansu ba. Su wane ne masu ƙuri'a a can? Alhajin da ke sayen taliya da robobi a kasuwar Singa, makiyayin da ke kawo raguna Maigatari, manomin wake da na aya, mai albasar Galmi, matashin da ke zuwa ci-rani Kura. Abin da suke so daga Yamai shi ne abin da muke so: ƙofa a buɗe, shinge kaɗan, haraji sananne, kada a wayi gari da sanarwa. Ranar zaɓe ita ce rana ɗaya a shekara biyar da buƙatar abokin cinikinmu ke da nauyi a kan mai mulki. Ba mu da ƙuri'a, amma wanda muke bi bashi yana da ita. Ɗan takarar da ke neman Tawa da Maraɗi a zagaye na biyu zai yi tunani sosai kafin ya hana makiyayi kai ragonsa inda ya fi tsada. Kuma zaɓe yana da rana. Wanda zai gina sito ko ya sayi tirela yana iya cewa nan da shekara kaza za a sake lale, ya saurari abin da 'yan takara ke faɗa, ya shirya.

Ba na ce zaɓaɓɓe ba ya cutarwa. Gwamnatin Isufu ce, a 2015, saboda Boko Haram, ta hana fataucin tattasai da kifi a Difa, aka fi shekara biyu kafin a sassauta na tattasan. Buharin da ya rufe iyaka a 2019 zaɓaɓɓe ne, mu a Kura muka ci riba, Maraɗi ta sha wuya. Zaɓukan Nijar ɗin ma ba wankakku ba ne. A 2016 Hama Amadu daga kurkuku ya yi takara, 'yan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu, Isufu ya tashi da sama da kashi 90. A 2021 Mahamman Usman bai yarda da sakamakon ba. Kuma jama'a da yawa a can sun yi maraba da sojoji, saboda haushin sojojin Faransa da batun yuraniyam da rashin tsaro. Wannan hukuncinsu ne, ƙasarsu ce. Abin da na sani shi ne a ranar 26 ga Maris 2025 an rantsar da Janar Tchiani a kan wa'adin shekara biyar da za a iya tsawaitawa, an kuma rushe jam'iyyun siyasa. Ma'ana, abokin cinikinmu ba shi da ranar da zai yi magana da ƙuri'a kafin 2030, in ma an yi a lokacin.

Mutanen Nijar kam sun fi mu sanin wannan karatu. Ku je Maraɗi lokacin zaɓen Najeriya ku ga yadda ake kwana a kan rediyo. Suna da dalili. Da Buhari na mulkin soja ya rufe iyaka ya canza kuɗi a Afrilun 1984, abin ya haɗu da fari, har yunwar wannan shekara a wasu yankunansu da sunansa ake kiranta. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, 'yan bumburutun Ƙonni da Maraɗi sun ji kafin wasunmu su ji. A Janairun 2019 gwamnonin Damagaram da Maraɗi har Kano suka zo taron kamfen ɗin Buhari, 'yan adawa suka yi ca, kuma a ganina suna da gaskiya. Ƙaramin maƙwabci kullum ya fi sa ido a kan babba. Haka mutanen Kanada ke bin zaɓen Amurka kamar nasu, don kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da suke fitarwa can yake zuwa, kuma sun ga abin da harajin Trump ya yi musu a 2025. Mu girmanmu ne ya sa mu sakaci, muna ganin mu ne masu bayarwa. Shekarun nan sun nuna mana ragon layya da wake da ruwan Kainji ta wace hanya suke zuwa.

Kada a fahimce ni a karkace. Sa ido daban, tsoma baki daban. Abin da gwamnonin nan suka yi a Kano, bai kamata wani namu ya je ya yi a Damagaram ba. Haka kuma matasanmu da ke yaɗa hotunan janar-janar a Facebook da TikTok suna kirari, ina roƙonsu su riƙa tambayar direbobi da 'yan Dawanau kafin su yanke hukunci. Wanda ya iya Hausa a talabijin ba lallai ne ya buɗe maka ƙofa ba, wanda kuma bai iya ba ba lallai ne ya rufe ba. Jori Hamani da ya tsaya mana a yaƙin basasa Bazabarme ne.

Abin da ke hannunmu shi ne ɓangarenmu na layin. Hukumar haɗin gwiwar nan ta 1971 tana tattauna ciniki da ruwa da hanyoyi, kuma a kanta ministocin wajen ƙasashen biyu suka koma da Yusuf Tuggar ya je Yamai a Afrilun 2025. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da na masu casar shinkafa suna iya rubuta wa hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, da 'yan majalisarmu na tarayya, su nemi a riƙa sanar da su abin da ake cewa da sunansu a can. Ƙungiyoyin kasuwa su riƙa rubuta farashi mako-mako, na shanshera da wake da rago da canjin sefa, tare da ranar duk wata sanarwa daga Abuja ko Yamai, don in an je gaban hukuma a je da takarda, ba da kuka kaɗai ba. Masu neman ƙuri'armu a 2027 kuma, in sun zo Kura da Bunkure da Kumbotso, a tambaye su a bainar jama'a: in aka sake samun saɓani da Nijar, za ku goyi bayan rufe iyaka da yanke wuta, ko kuwa? A sa su amsa, a naɗa a waya.

Na ga mai gabatarwa yana duban agogo, la'asar ta gabato. In an buɗe fagen tambaya, ina roƙon a fara ba direbobin da ke bin hanyar Jibiya da Maigatari dama, su gaya mana shinge nawa ne yanzu tsakanin Kano da Maraɗi, da abin da ake karɓa a kowanne.